Wace Rikiɗa Ce Ta Cancanci Wahala a Wasannin Gem Masu Labari?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana a kan abin da na san wasu masu karatu za su ce bai kai a ɓata masa tawada ba, wato wasannin gem na kwamfuta. Ni dai sana'ata ke nan, da ita nake ci da iyalina. Ina da ɗan gidan gem a cikin birnin Kano, da PlayStation da 'yan kwamfutoci, da janareta da ke cinye rabin ribar. Yawancin yaran da ke shigowa ƙwallo suke bugawa, su yi ihunsu su biya su tafi. Amma akwai wasu 'yan tsiraru, galibi ɗaliban jami'a da masu gyaran waya, da suka kamu da wani nau'i daban wanda 'yan gem ke kira RPG. A irin wannan wasa kai ne jarumin labarin. Kai za ka zaɓi abin da zai faɗa, da wanda zai bi, da wanda zai yafe wa, kuma labarin yana karkata gwargwadon zaɓinka. Wasa ɗaya yakan ci mutum wata biyu ko uku bai gama ba.

A tsakanin waɗannan matasa akwai gardamar da ba ta ƙarewa, kuma a kanta nake wannan rubutu. Kusan duk wasan irin wannan, akwai gaɓar da za a kai a ce wa jarumi ga dama ya rikiɗa ya zama wata halitta, ko kyarkeci, ko mai shan jini, ko wani dodo. Sai ka ga yaro ya dakatar da wasan ya waiwayo ya ce, "Oga, in karɓa ko in bari?" Na bayansa kuma kowa da tasa. Wannan ya ce karɓi, ƙarfi za ka yi. Wancan ya ce ƙyale, ɓata lokaci ne. Amsata a kullum ita ce ya duba abin da za a karɓe masa, kada ya tsaya kan abin da za a ba shi. Rikiɗar da na ga ta cancanci wahala ita ce wadda ke raba ka da wani abu da kake so, kuma mutanen cikin labarin suka san ka rikiɗa, suka canja maka fuska. In babu waɗannan biyun, rigar aro ce ta ranar salla, ka sa a yaba, da yamma ka tuɓe ka mayar wa mai ita.

Ina gargaɗin wanda bai gama waɗannan wasanni ba cewa zan tona ƙarshen wasu labaran.

Bari in fara da Skyrim, domin shi ne wanda kowa ya sani a nan. Kamfanin Bethesda na Amurka ya fitar da shi ranar 11 ga Nuwamba, 2011, kuma har yau shi ne ya fi zama a kwamfutocinmu, saboda tsohuwar laftof ma tana ɗaukarsa. A garin Whiterun akwai wata ƙungiyar mayaƙa da ake kira Companions, masu zama a wani zaure mai suna Jorrvaskr. In ka shiga cikinsu, za a haɗa ka da wani ƙato mai suna Farkas ku tafi wani tsohon kabari neman guntun gatarin kakansu. A can za ka ja wani ƙarfe, ƙofar keji ta rufe da kai a ciki. Kana tsaye ba yadda za ka yi, sai ga mutanen Silver Hand, masu farautar kyarketai da takubban azurfa, sun kewaye Farkas. Suna yi masa barazana, sai jikinsa ya fara murɗewa, gashi ya tsiro, baki ya yi tsawo, kafin ka ƙifta ido ya watsa su duka. Sannan ya dawo mutum ya buɗe maka, yana tambayar ko ya tsorata ka. Duk yaron da ya kai wannan wuri a karon farko, sai ka ga ya saki linzamin kwamfuta ya riƙe baki. Masu wasan sun iya gabatarwa, wannan ba a ƙwace musu ba.

Daga nan sai a kira ka da dare wani ɗaki na ɓoye a ƙarƙashin maƙera. Aela, maharbiyar ƙungiyar, tana tsaye a siffar kyarkeci, Skjor, ɗaya daga manyan ƙungiyar, ya tsaga hannunta jini ya zuba a wani kwano na dutse, a ce ka sha. A nan wasu yaranmu ke tsayawa, su ce ko a wasa ba za su sha jini ba, kuma ina ganin girmansu a kan haka. Sai dai wasan bai ba su hanya ba, domin in ba ka sha ba, labarin ƙungiyar ya tsaya ke nan. Wanda ya sha kuwa, me ya samu? Sau ɗaya a yini zai iya zama kyarkeci na minti biyu da rabi, yana ƙara lokaci in ya ci gawar wanda ya kashe. Yana gudu fiye da kowa, yana wurgi da mutane. Amma ba sulke, ba takobi, ba ya iya shan magani, ba ya iya buɗe jakarsa, ba ya iya magana da kowa, ba ya iya kwashe ganima. In ya dawo mutum kuma sai ya bi kayansa ɗaya bayan ɗaya ya sake sawa. Wanda ya yi nisa a wasan, ya ƙera sulkensa da takobinsa da kyau, yakan ga cewa a siffar mutum ya fi ƙarfi. Shi ya sa mafi yawan waɗanda nake kallo, sun rikiɗa a makon farko don ɗoki, daga nan sun manta suna da abin. Ribar da suke ci gaba da mora ita ce cuta ba ta kama su, hasarar kuwa barcinsu ba ya ƙara musu komai. A 2012 kamfanin ya fitar da ƙarin Dawnguard, ya ba kyarkecin matakan ƙarfi, ya kuma kawo siffar sarkin masu shan jini. Ƙarfi ya ƙaru, amma abin da ke damuna yana nan.

Abin da ke damuna shi ne garin bai sani ba. In an gan ka kana rikiɗa za a sa maka tarar zinariya 1000, in ba a gan ka ba shi ke nan. Dogarai sukan yi maka ba'a a hanya cewa kana warin jiƙaƙƙen kare, ko gashi na fitowa daga kunnenka, iyakarta ke nan. Za ka yi aure, matarka ba za ta taɓa tambayar inda kake zuwa da dare ba. Sarakunan ƙasar za su naɗa ka sarauta, za ka ɗauki marayu riƙo, ba wanda zai ji ɗar. Mutumin da ya ci naman mutane jiya da dare, yau yana cinikin kifi a kasuwa lafiya lau.

Duk da haka nakan ce wa yara su karɓa, kuma saboda tsoho ɗaya ne, Kodlak, dattijon ƙungiyar. Shi ma kyarkeci ne, ya tsufa, ciwo ya ci jikinsa, kuma tsoro ya kama shi. A aƙidar mutanen wasan, jarumi in ya mutu Sovngarde yake zuwa, wurin kakanninsa. Amma wanda ya mutu da jinin kyarkeci, Hircine, uban farauta, zai janye shi dajinsa ya yi ta farauta har abada. Wasu a ƙungiyar suna ganin jinin nan kyauta ce. Tsohon kuwa ya gano cewa wasu mayu ne suka yaudari magabatansu da shi, kuma bashi ne da za a biya bayan mutuwa. Sai ya aike ka ka saro kawunan mayun nan na Glenmoril don a karya abin. Kana dawowa da kawunan a jaka za ka tarar mutane sun taru a ƙofar zaure, Silver Hand sun kawo hari, an kashe shi kana can. In ka shiga ɗakinsa ka karanta littafin da yake rubuta sirrinsa, za ka ga irin begen da ya ɗora a kanka. Ƙarshen labarin, sai ka je kabarin kakan ƙungiyar, Ysgramor, ka jefa kan mayya a wuta, ka yaƙi kyarkecin da ke manne da ruhin tsohon, ka 'yanta shi bayan ya mutu. Daga baya Farkas da ɗan'uwansa Vilkas za su iya neman ka raka su su ma a wanke su, Aela kuwa ta ƙi. To, kai fa? Akwai sauran kawuna a jakarka. A wannan gaɓa na ga matasa sun yi shiru sun daɗe suna kallon allo, domin yanzu jinin da ke jikin jaruminsu ya zama abin tunani. In da ba ka sha ba, da baƙin cikin Kodlak labarin wani ne kake ji daga nesa.

Akwai wasan da ya nuna ɓangarorin biyu a wuri guda, Dragon Age: Origins na kamfanin BioWare, na shekarar 2009. A cikin abokan tafiyarka akwai Morrigan, wadda ta tashi a daji, kuma tana iya zama gizo-gizo ko beyar. A baki abin sha'awa ne, tana ba ka labarin yadda take shiga siffar dabba ta leƙa ƙauyuka tana kallon mutane. A fagen fama kuwa, da zarar ta rikiɗa ta rasa dukkan dabarunta na nesa da ake buƙatarta dominsu. Ban ga wanda ya daɗe yana amfani da wannan ba. Amma a cikin wasan nan dai akwai labarin dajin Brecilian, inda kyarketai ke addabar wata ƙabilar makiyayan daji da ake kira Dalish. Shugabansu Zathrian zai roƙe ka ka kashe uwar kyarketan. Sai ka kutsa daji ka tarar kyarketan suna magana, kuma asalinsu mutane ne. Ɗaruruwan shekaru da suka wuce kakanninsu sun kashe ɗan Zathrian suka ci zarafin 'yarsa, shi kuma ya tsine musu. Tsinuwar ce ke riƙe da ransa har yau, kuma masu shan wahalarta jikoki ne da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Kana iya goyon bayansa, kana iya goyon bayansu, kana kuma iya lallashinsa ya janye, ya mutu, su koma mutane. Wanda ka bari da rai, shi zai zo maka gudummawa a yaƙin ƙarshe. Kai ba ka rikiɗa ko sau ɗaya a wannan labari ba, amma ya fi duk maɓallan rikiɗar Morrigan zama a rai.

Wanda ya fi jawo gardama a shagona shi ne Baldur's Gate 3, na kamfanin Larian da ke ƙasar Beljiyam, wanda ya fito a watan Agustan 2023 kuma ya lashe kyautar wasan shekara. Samunsa ma aiki ne a nan, domin yana neman wajen gigabait 150 a kwamfuta, kuma kowa ya san kuɗin data. In faɗa tun da wuri, wasan manya ne. Akwai abubuwan da ba su dace da tarbiyyarmu ba, akwai wurin da ake kashe nuna tsiraici kuma a kashe yake a wurina, kuma ba na barin ƙananan yara su zauna kusa in ana buga shi. Ina kira ga iyaye su riƙa duba alamar shekaru da ke jikin kowane wasa, don ba duk abin da ake kira gem ba ne na yara.

Labarin gaba ɗayansa a kan rikiɗa aka gina shi. Tun a minti na farko wasu halittu da ake kira illithid, masu igiyoyin nama suna reto a baki, waɗanda abincinsu ƙwaƙwalwar mutum ce, sun kama ka sun sa maka wata tsutsa ta ido. A ƙa'ida cikin 'yan kwanaki za ka zama irinsu. Kai da abokan tafiyarka duk neman magani kuke. Amma a hanya wani mai zuwar maka a mafarki zai yi ta kwaɗaita maka cewa tsutsar nan ƙarfi ce, ka nemi wasu ka ƙara. A cikin abokan tafiyarka, Lae'zel ta ce kul, Astarion ya ce a ba shi. Nan wasan ya ɗan ba ni haushi. An yi ta tsorata ka, amma in ka haɗiye tsutsotsin, ƙarfi kawai kake samu, ba wani mugun abu da ke biyo baya na dogon lokaci. Yaran sun gane haka, sai suka daina jin tsoro, suka mayar da abin kamar tsintar kuɗi. Sai a farkon kashi na uku ake miƙo maka wata tsutsa ta musamman. In ka saba haɗiya, ƙin karɓarta yana yi maka wuya, dole sai ka ci wata jarrabawar ƙarfin zuciya. In ka karɓa za ka iya tashi sama, amma baƙaƙen jijiyoyi za su fito maka a fuska su kewaye ido. Akwai wani matashi da ya ɓata kusan awa guda a farkon wasa yana gyara fuskar jaruminsa, hanci da gemu da launin ido. Da ya ga abin da tsutsar ta yi wa fuskar, sai ya koma inda ya ajiye wasan a baya, ya yarda ya yi hasarar wasan yini guda. Tashi sama bai kai masa fuskar nan ba. Wannan farashi ne na gaske, ko da yake a nan ma mutanen birni ba su cika nuna sun ga wani canji ba, kana shiga kasuwa da fuskar dodo ana yi maka ciniki kamar kowa.

Inda wasan ya biya bashinsa shi ne ƙarshe. Ba a cin yaƙin ƙarshe sai da cikakken illithid a ɓangarenka. Ko ka amince da mai zuwar maka a mafarkin nan, wanda shi ma illithid ne da ya daɗe yana yi maka rufa-rufa, ko yariman da ka 'yanto daga kurkuku ya sadaukar da kansa, ko kai ka rikiɗa, ko abokiyar tafiyarka Karlach. Ita Karlach mace ce mai fara'a da son mutane, wadda aka cire mata zuciya aka sa mata inji a lokacin da take baiwa, kuma injin yana gab da ƙone ta. Sai ta ce tunda mutuwa za ta yi, a bar ta ta ɗauka. Ka yi wata biyu kana jin dariyarta a sansani. In ka amince, za ta rayu, amma muryar ta yi sanyi, fuskar ta tafi, kuma babu komawa. Na ga ƙato mai gemu ya kai nan ya ce in kashe masa kwamfutar, sai gobe zai yanke shawara. Haka kuma Astarion, mai shan jini wanda ya yi shekara 200 yana bauta a hannun ubangidansa Cazador. In an kayar da ubangidan, yana iya ƙarasa tsafin da aka shirya ya zama sarkin masu shan jini wanda rana ba ta ƙona shi, amma sai an salwantar da rayuka 7,000. In ka bar shi ya yi, ƙarfinsa a yaƙi zai ƙaru, kuma daga ranar maganarsa za ta canja, ya fara yi maka irin kallon da ubangidansa ke yi masa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Wannan ba sabuwar dabara ba ce. Tun a 2000, a Baldur's Gate II, jarumin yana iya zama wani dodo da ake kira Slayer, amma duk lokacin da ya yi haka mutuncinsa a idon jama'a yana raguwa da maki biyu. In mutunci ya zube, kaya su yi tsada a kasuwa, abokan kirki su watse, in kuma ya daɗe a siffar ta kashe shi. A Pathfinder: Wrath of the Righteous na 2021, akwai hanyar da jarumi ke zama tarin ƙwari masu cinye komai, kuma wanda ya bi ta zai ƙarasa wasan ba abokin tafiya ko ɗaya. Ban taɓa sha'awar bin wannan hanya ba, amma ina yaba wa waɗanda suka tsara ta, don sun faɗi gaskiyar abin da zaɓin ke nufi.

Akwai masu ja da ni, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Wani abokina mai gyaran waya yakan ce, "Malam, na yini ina fama da kwastomomi, na zo in huta, kai kuma kana so wasa ya sa ni kuka. Ni a ba ni kyarkeci in yi ta gudu a dusar ƙanƙara." Gaskiyarsa, nishaɗi ma riba ce, kuma ba zan hana kowa ba. Wata hujjar ita ce ta kuɗi. Duk rikiɗar da aka ce mutanen gari su lura da ita, sai an rubuta wa ɗaruruwan mutane sabuwar magana, an ɗauki muryoyi, an zana motsi. Larian da ɗaruruwan ma'aikatansa sun saki kashin farko na wasansu tun Oktoban 2020, suka yi kusan shekara uku suna gyara da taimakon masu bugawa, duk da haka ba su iya toshe ko'ina ba. Na yarda. Amma amsata ita ce a rage yawa. Gara rikiɗa ɗaya da labari ya san da ita da goma waɗanda maɓalli ne kawai. Mu nan da wuta ke zuwa ta ɗauke, kuma kowace awa kuɗin mai ce, ba mu da lokacin da za mu ɓata muna tara ƙarfin siffar da ba za ta canja ko jimla ɗaya a labarin ba.

Abin da ya sa na damu da wannan har na ɗauki alƙalami, mu Hausawa ba baƙin wannan fanni ba ne. Kakata ta sha ba mu tatsuniyar ɓauna da ɗan maharbi. Maharbi ya addabi ɓakane, sai ɗaya ta rikiɗa ta zama kyakkyawar budurwa ta shigo gari, ta san yadda ta yi ta kwana a gidan. Da dare tana yi wa saurayin daɗin baki, ta ce in ɓauna ta taso maka yaya kake tsira? Ya ce sai in zama suri. Ta ce in ta tunkuyi surin fa? Ya ce sai in zama kututture. In ta tunkuyi kututturen? Sai in zama ciyawa. Daga nan fa? Ya buɗe baki ya ce sai in zama zo, sai uban daga ɗakinsa ya daka masa tsawa ya yi shiru. Da safe ta ce ya raka ta, kuma ya bar kwari da baka a gida. Suna shiga daji ta koma ɓauna. Ya zama suri ta rushe shi, ya zama kututture ta tumɓuke, ya zama ciyawa ta tattake. Sai ya zama zobe ya faɗi cikin ƙasa. Ta yi ta neman abin da ake kira zo, ba ta samu ba, ta haƙura ta tafi. Ka duba yadda aka saƙa wannan. Ita rikiɗarta makami ce ta ramuwar gayya, tana da dalili. Shi kuma kowace siffa sirri ce ta gado, kuma duk wadda ya furta ta mutu a hannunsa. Rabin kalmar da uba ya katse ita ta cece shi. Babu siffa ɗaya a ciki da aka sa don ado. Haka labaran mutanen da ake cewa suna zama kura da dare, abin tsoron ba haƙoran kurar ba ne kaɗai, har da zargin da ke shiga tsakanin maƙwabta, da matar da ta farka ta ga shimfiɗar mijinta wayam.

Yanzu ina ganin matasanmu sun fara koyon haɗa gem da manhajoji irin su Unity da Godot, wasu a makaranta, wasu a YouTube da wayarsu. Biyu daga cikin masu zuwa wurina suna ƙoƙarin haɗa ɗan ƙaramin wasa a kan wani saurayi mai zama kura. Da suka nuna mini, abin da suka fara yi shi ne maɓallin rikiɗa da adadin ƙarfin cizo, kamar yadda suka gani a Skyrim. Na ce musu su ajiye wannan tukuna, su zauna su rubuta abin da mahaifiyar yaron za ta ce ranar da ta ga jini a bakin rigarsa. Su rubuta yadda mai shayin unguwa zai daina ba shi bashi, da yadda za a fara ja da baya a sahu in ya shigo, da abin da gidan su budurwarsa za su aiko a faɗa. Su sa ya zama duk daren da ya rikiɗa, akwai akuyar wani talaka da za a wayi gari babu, kuma mai wasan ya san mai akuyar da sunansa. Sannan su ba shi hanyar warkewa mai tsada, su bar mai wasa ya zaɓa. Wannan ba ya buƙatar babbar kwamfuta ko ɗaruruwan ma'aikata, rubutu ne, kuma marubutan Hausa ba su da kasawa a nan. Da marubutan littattafanmu da waɗannan yara za su haɗu a teburi ɗaya, da an ga abin mamaki.

Roƙona gare ka, Edita, ka ware ɗan fili ko sau ɗaya a wata don irin wannan tattaunawa, a riƙa bayanin wasanni da Hausa, wanne ya dace da yara, wanne na manya ne, wanne ya cancanci kuɗin data. Iyaye za su amfana, matasan da ke koyon sana'ar su ma za su samu inda za su nuna aikinsu. In an buɗe filin, ni da yaran nan biyu za mu aiko da bayanin wasan kurar da zarar sun kammala kashin farko.

Na gode da ba ni wannan dama. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Mai gidan gem, daga birnin Kano